Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Dashen Ƙodar Mamaci Da Na'urar Adana Ta

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda na wani asibiti a arewacin ƙasar nan. Na rubuto da Hausa, kuma a bainar jama'a, domin maganar da zan kawo ta shafi teburinka, ta kuma shafi malamanmu da iyayenmu da ke zaune a benci a ƙofar sashenmu suna jiran a fito da ɗan uwansu.

Abin da nake roƙo shi ne gwamnati ta fara shirin dashen ƙodar da aka samu daga mamaci, kuma tun daga ranar da za a zauna rubuta tsarin, a sa na'urar adana ƙoda a cikinsa, da kuɗin tafiyar da ita, da mutanen da za su iya aiki da ita.

Ba zan ƙi faɗin alherin da muka gani ba. A 2025 an rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocin gwamnatin tarayya daga naira 50,000 zuwa 12,000, kuma a watan Maris na 2025 ɗin ma'aikatarka ta ƙaddamar da ƙa'idojin dashen sassan jiki. Allah ya saka da alheri. Sai dai kai likita ne, ka fi ni sanin cewa wanki riƙon ƙwarya ne. Wanda ƙodarsa ta mutu yana buƙatar hawa inji sau uku a mako, sa'o'i huɗu kowane hawa, har iya rayuwarsa. Mafi yawan marasa lafiyarmu ba sa iya haka. Sai ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, numfashi ya gagara a kwance, mutum ya kwana a zaune ya jingina da bango, sannan dangi su haɗa kuɗin wanki guda a kawo shi. Mu cire masa ruwa, ya ɗan farfaɗo, ya ci abinci, ya tafi gida ya jira wani kumburin.

Mafita ita ce dashe, kuma ƙasar nan ta daɗe da iya shi. An yi na farko a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002, wasu asibitocin ma sun shigo daga baya. Hannun likitocinmu ya faɗa. Matsalar ita ce duk ƙodar da ake dasawa a nan daga jikin mai rai take fitowa. Na sha ganin yadda ake tara 'yan uwa a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Babban wa yana da hawan jini, an cire shi. Ƙanwa jininta bai dace ba. Autan gida ya dace, ya kuma amince, amma shi ke ciyar da gidan gaba ɗaya da ɗan kasuwancinsa, mahaifiyarsu ta ce ba za ta iya kallon 'ya'yanta biyu a ɗakin tiyata rana guda ba. Wa zai ga laifinta? Daga nan magana ta ƙare ga talaka. Mai kuɗi kuma sai dillalai su kewaye shi, su nemo masa yaron da yunwa ta ci ƙarfinsa. Duk duniya ta ji shari'ar Sanata Ike Ekweremadu a Landan a 2023, kan kai wani matashi can don a cire masa ƙoda, da hukuncin ɗaurin da aka yanke masa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, amma muddin ƙofa ɗaya ce tak ake samun ƙoda ta cikinta, masu cinikin ba za su rasa ciniki ba. Dokar nan dai ta ba mutum damar yin wasiyya da sassan jikinsa bayan rasuwarsa. Tsarin da zai sa wasiyyar ta yi aiki ne babu.

To ƙodar mamaci tana da tata matsalar, wato lokaci. Idan mai rai ne ya bayar, ana kwantar da shi a ɗakin tiyata ɗaya, mai karɓa a na kusa, a cire a wanke a dasa cikin ɗan lokaci. Mamaci kuwa ba ya zaɓar wuri ko sa'a. Yana iya rasuwa da tsakar dare a Maiduguri, wanda jininsa da ƙwayoyin jikinsa suka dace da ƙodar yana Sakkwato ko Ilorin. Sai an yi gwajin dacewa, an kira shi, an yi masa wanki idan da buƙata, an tara likitoci. Duk wannan lokacin ƙodar tana wajen jiki, babu jini, babu iskar oksijin. Ƙwayoyinta suna ƙone ɗan abincin da ya rage musu, dattin aikinsu yana taruwa, su fara kumbura. Wani ɓarnar ma sai an dasa ta jini mai ɗumi ya dawo mata take bayyana. Manomin albasa ya san wannan: tsakanin tuge iri daga wurin reno da kafa shi a gona, yadda aka riƙe saiwar shi ke nuna ko shukar za ta kama.

Hanyar da aka daɗe ana bi mai sauƙi ce. A ɗura wa ƙodar wani ruwan sinadari mai sanyi ta jijiyarta har jinin ciki ya fita, a sa ta a leda mai tsafta da ruwan, a binne cikin ƙanƙara a kula. A sanyin da ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyos aikin ƙwayoyin jiki yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, don haka lalacewar tana tafiya a hankali, amma ba ta tsayawa.

Na'urar da nake magana a kanta girmanta bai wuce babbar kula ba, mutum biyu ko ma ɗaya na iya ɗaukarta. Ana sa ƙodar a wani kwano a ciki, a maƙala bututu a bakin babbar jijiyar da ke kai mata jini. Wani ƙaramin famfo yana tura ruwan sinadarin mai sanyi a hankali, da ƙarfin da bai kai na bugun zuciya ba, ruwan ya ratsa ƙananan hanyoyin jini na cikin ƙodar, ya fito ta ɗaya jijiyar, a tace shi, ya sake zagayowa. Haka zai yi ta yi har a isa ɗakin tiyata. Wannan zagayawar tana hana ƙananan jijiyoyin toshewa da tsukewa, tana kwashe dattin da ke taruwa, tana kai sanyi ko'ina daidai. A jikin na'urar akwai allo da ke nuna yawan ruwan da ke wucewa da yadda ƙodar ke turje masa. Ƙodar da ke sakin jiki, ruwan na ƙaruwa turjiyar na raguwa, tana ba likita ƙarin natsuwa, ko da yake masana sun yi gargaɗin kada a jefar da ƙoda saboda lambobin allon kaɗai.

Abin ba sabo ba ne. Wani likita mai suna Folkert Belzer ya fara amfani da irin wannan na'ura a San Faransisko ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, lokacin girmanta ya kai sai da mota ake jigilarta. A 1969 Geoffrey Collins ya fito da ruwan da ya sa ajiya a ƙanƙara ta yiwu, kuma saboda arha da sauƙi sai yawancin duniya ta koma can. Abin da ya dawo da na'ura shi ne ƙarancin ƙoda. Asibitoci sun fara karɓar ƙodar tsofaffi, da ta masu hawan jini, da ta waɗanda zuciyarsu ta riga ta tsaya kafin a cire, kuma irin waɗannan ba sa jure zaman ƙanƙara.

Binciken da ya yanke gardama an wallafa shi a 2009. An yi shi a Holan da Beljiyam da wani yanki na Jamus, kuma tsarinsa ya burge ni saboda adalcinsa. Mamata 336, kowanne da ƙoda biyu: ɗaya a sa ta a na'ura, ɗayar a ƙanƙara, a dasa wa mutum biyu daban. Ke nan ba wanda zai ce wannan ƙodar dama ta fi waccan lafiya, tunda daga jiki ɗaya suka fito. Abin da aka fi dubawa shi ne jinkirin tashin ƙoda, wato a dasa ta amma ta ƙi fara aiki har sai an yi wa mutum wanki a makon farko. A ɓangaren ƙanƙara hakan ya faru ga mutum 89, kashi 26.5 cikin ɗari. A ɓangaren na'ura mutum 70 ne, kashi 20.8. Bayan shekara guda, kashi 94 na ƙodojin na'ura suna aiki, na ƙanƙara kashi 90. Daga 2016 Holan ta mayar da na'ura ƙa'ida ga ƙodojin mamata a duk ƙasar.

Ranka ya daɗe, na san wani a ma'aikatarka zai dubi waɗannan lambobi ya ce bambancin kashi shida bai kai a kashe masa dala ba. A nan nake so ka tsaya tare da ni. A Holan, idan ƙoda ta yi jinkirin tashi, mai ita yana kwance a gado, inshora tana biya, injin wanki yana jiransa a ɗaki na gaba. A wurinmu, iyalin da suka kai ga dashe sun riga sun sayar da gona da fili da 'yan kunnen uwar gida. Ranar tiyata aljihunsu a bushe yake. Ka ce musu an yi aiki lafiya amma ƙodar ba ta fara fitar da fitsari ba, a kawo kuɗin wanki na mako biyu, da na gado, da na gwajin jini kullum, wataƙila da na tsakuro ɗan naman ƙodar a duba ko jiki ne ke ƙin ta. Daga ina za su kawo? Kuma kowane hawa inji da mai sabon dashe zai yi, gurbin wani ne ya cinye a layin da dama ya fi ƙarfin injinanmu. Mu da muke tsaye a bakin gado mun san yadda ake zuba wa jakar fitsari ido bayan dashe. Matar majiyyaci tana leƙa ta kowane minti kaɗan, idan ta ga ruwa ya fara ɗiga sai ta fashe da kuka tana hamdala. Kwana nawa za ta yi tana leƙen jaka babu komai, wannan shi ne abin da kashi shidan nan ke nufi.

Kuma ba na jin namu bambancin zai tsaya a shida. Ƙasar da ta fi kama da mu a wannan fanni ita ce Birazil, mai faɗin ƙasa da doguwar tafiya, inda ƙoda kan yi fiye da sa'o'i 20 a sanyi kafin a dasa ta. A wani bincike da aka wallafa a can a 2017, da irin wancan tsari na raba ƙodojin mamaci ɗaya, jinkirin tashi ya sauko daga kashi 61 a ƙanƙara zuwa kashi 45 a na'ura. Inda jira ya fi tsawo, nan amfaninta ya fi fitowa. Mu kuwa daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne, ga shingayen bincike, ga hanyoyin da ba a bi da dare, ga jirgin da ake ɗage tashinsa a lokacin hazo, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40.

Za a kawo maganar wuta, kuma ya kamata a kawo. Irin na'urar da aka yi binciken 2009 da ita, LifePort, ba da firji take sanyaya ƙoda ba. Ƙanƙara ake zuba mata a wani aljihu, famfon kuma yana aiki da batir. Ko famfon ya tsaya a hanya, ƙodar tana nan kwance cikin ruwan sanyi, ta koma matsayin ta cikin kula ke nan. Ainihin nauyin yana wani wurin: kwanon da bututun da ruwan sinadarin sau ɗaya ake amfani da su a zubar, daga waje ake shigo da su, kuma suna da ranar lalacewa. Kowane ma'aikacin lafiya a ƙasar nan ya taɓa wucewa ta gaban wata na'ura mai tsada da aka lulluɓe da zani a lungun asibiti, an yanke mata ƙyalle ranar buɗewa, daga nan ba a sake sa kuɗin kayan aikinta a kasafi ba. Ina roƙonka da girman Allah kada wannan ta shiga sahunsu. Idan za a saya, a sayo ta da yarjejeniyar kawo kayan aiki ta shekaru, da horar da injiniyoyinmu su gyara ta a nan.

Haka kuma kada 'yan kasuwa su ruɗe mu da sabon yayi. Akwai na'urar da ke zagaya wa ƙoda jini mai ɗumi da oksijin kamar tana cikin jiki, wadda Farfesa Michael Nicholson da Sarah Hosgood suka fara gwadawa a kan ɗan Adam a Ingila, suka wallafa rahotonsa a 2011. Ilimi ne mai ban sha'awa, kuma wataƙila nan gaba da shi za a riƙa gwada ƙodar da ake shakkarta. Amma babban gwajin da suka wallafa a 2023, a kan ƙoda 338, ya nuna sa'a ɗaya a wannan na'ura bai rage jinkirin tashi ba, kusan kashi 60 ne a kowane ɓangare. Tana buƙatar jini, da ƙwararru a tsaye a kanta, kuma idan ta tsaya ƙodar tana cikin ɗumi ne, lalacewa nan take. Ba da ita za mu fara ba. Abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙara oksijin a ruwan na'urar sanyi. Wani bincike na 2020 a Beljiyam da Holan da Birtaniya, a kan ƙodojin mamata masu shekara 50 zuwa sama, ya samu cewa mutuwar ƙoda a shekarar farko ta sauko daga kashi 10 zuwa 3, ko da yake ƙarfin tacewar ƙodojin da suka rayu bai bambanta sosai ba.

Mai girma Minista, duk wannan bayani ba shi da amfani idan babu ƙodar da za a sa a ciki, kuma ba na so a fahimce ni cewa na'ura ce matakin farko. Ƙodar mai rai da za a dasa a ɗaki na kusa ba ta buƙatarta. Sayo ta yau a ajiye a asibitin da ba ya karɓar ƙodar mamaci asarar dukiyar jama'a ce. Kafin ita sai an samu sashen kula da masu tsananin ciwo da ke da injin numfashi mai aiki, da ƙa'ida a rubuce ta tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa (wato ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, alhali inji na riƙe da numfashi, zuciya na bugawa), wadda likitocin da ba su da hannu a dashe za su sa wa hannu. Sai ɗakin gwajin dacewa da ke buɗe dare da rana. Sai rajistar masu jira guda ɗaya ta ƙasa, wadda ba a tsallake layinta da wayar wani babba, domin ranar da talaka ya ji cewa ƙodar ɗansa da ya rasu a hatsarin mota ta tafi jikin mai kuɗi ta bayan fage, ranar shirin ya mutu, kuma ba zai sake tashi ba a zamaninmu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Horar da likitan da zai iya cire ƙoda ya gyara jijiyarta ya ɗaura ta a na'ura, da ma'aikacin da zai raka ta a mota yana duba allo, abu ne na shekaru. Shi ya sa nake cewa a sa ta a tsari tun yanzu.

Saura babbar magana, wadda na san tana ran duk wanda ya karanto zuwa nan: addini da janaza. Mu mutane ne masu gaggauta binne mamaci, kuma muna girmama gawa. Akwai malaman da ba su yarda a taɓa jikin mamaci ba, suna kafa hujja da hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ra'ayinsu abin girmamawa ne, kuma ba wanda za a tilasta wa. Amma ya kamata jama'a su san cewa majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don ceton rai tun 1982. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar, sannan a Jidda a 1988 ta halatta dashe daga mamaci da sharaɗin izininsa kafin ya rasu ko izinin magadansa, kuma ba tare da ciniki ba. Yawancin mutanenmu ba su taɓa jin waɗannan fatawowi ba. Ina roƙon ma'aikatarka ta zauna da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN, a kawo likitoci su yi wa malamai bayani dalla-dalla, a nuna musu yadda ake tabbatar da mutuwar, da yadda ake ɗinke jikin a mayar wa dangi cikin mutunci. Abin da suka yanke su faɗa wa jama'a da bakinsu, a rediyo da kan mumbari.

A nan ma kyakkyawar ajiya tana da rana. Iyalin da suka amince ba za su yarda a riƙe musu gawa ana neman mai karɓa ba, kuma suna da gaskiya. Idan akwai abin da zai riƙe ƙodar lafiya, ana iya cirewa da zarar an samu izini, a miƙa musu mamacinsu su yi masa sutura a kan lokaci, neman wanda ya dace kuma ya ci gaba bayan an dawo daga maƙabarta. Likitoci ma su yi dashen da safe da idonsu a buɗe, maimakon ƙarfe uku na dare bayan sun yini a tsaye.

Shawarata ita ce a fara da kaɗan. A zaɓi cibiyoyi biyu ko uku da suka daɗe suna dashe, ɗaya a arewa, a haɗa kowacce da asibitocin da ke kusa da ita waɗanda ake kai wa masu hatsari. A ba kowace cibiya na'urar sanyi biyu, tunda mamaci ɗaya ƙoda biyu yake bayarwa. A tura likitoci da ma'aikatan jinya su koyo a inda ake yi, kamar Afirka ta Kudu ko Saudiyya ko Birazil. A rubuta sakamakon kowace ƙoda, sa'o'in da ta yi a waje, ko ta tashi nan take, ko tana aiki bayan shekara, a buga kowa ya gani, domin mu samu lambobinmu na kanmu. Kuma a sa magungunan hana jiki ƙin ƙoda cikin inshorar lafiya ta ƙasa. Mai dashe yana shan su kullum har ƙarshen rayuwarsa, kuma na ga waɗanda suka rasa ƙoda lafiyayya suka dawo kan injinmu saboda kuɗin magani ya gagara. Babu amfanin a tsare ƙoda sa'o'i ashirin a hanya sannan a bar ta ta mutu a shekara ta biyu.

Ina fatan ma'aikatarka za ta fito ta gaya wa jama'a ko akwai shirin dashen ƙodar mamaci, da shekarar da ake sa ran farawa, da cibiyoyin da za a fara da su. Marasa lafiyarmu suna tambayarmu, kuma muna so mu samu abin da za mu faɗa musu.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya a sashen wankin ƙoda.